Menelik na Biyu, Sarkin Sarakunan Habasha

In kun duba taswirar Afirka, can gabas, kusa da Bahar Maliya, za ku ga wata babbar ƙasa wadda a ke kira Habasha, ko kuwa Itiyopiya. Ƙasa ce ta duwatsu masu tsawo da kwazazzabai masu zurfi. A cikinta ne Tafkin Tana ya ke, inda wani babban reshe na Kogin Nilu ya ke fitowa. Sunan Habasha ba baƙo ba ne a kunnen Hausawa, domin can ne waɗansu Sahabbai suka fara yin hijira tun kafin hijirar Madina, Sarki Najjashi ya karɓe su hannu bibbiyu. Amma Habasha ta wancan zamani, har ma da ta shekara 200 da suka wuce, ba ta kai ta yanzu girma ba. Wanda ya shimfiɗa ta kudu da gabas da yamma, har ta kai kusan iyakokin da a ke gani a taswira yau, shi ne Sarki Menelik na Biyu. Ga labarinsa.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Menelik ran 17 ga Agusta, 1844, a ƙasar Shawa, wadda ta ke tsakiyar Habasha ta yanzu. Sunansa na yanka Sahle Mariyam. Ubansa Haile Malakot, kakansa kuwa Sahle Salasi, Sarkin Shawa. Gidansu Kiristoci ne, kamar sauran gidajen sarautar duwatsun Habasha. Mutanen ƙasar suna cewa asalin sarakunansu daga Annabi Sulaimanu ne da Sarauniya Bilkisu, ta wurin wani ɗa nasu mai suna Menelik. An ce kakan yaron nan ne ya laƙaba masa wannan suna, domin yana sa ran zai zama babban sarki. Saboda haka ne da ya hau gadon mulki aka kira shi Menelik na Biyu.

A lokacin da aka haife shi, Habasha a rarrabe ta ke. Akwai wani mai sarautar Sarkin Sarakuna a birnin Gondar, amma suna kawai gare shi, ba shi da iko. Sarakunan Tigirai da Gojjam da Wallo da Shawa kowa yana cin gashin kansa, suna ta yaƙi da juna, talakawa suna shan wahala.

Cikin shekara ta 1855 wani jarumi ya ci sauran sarakunan arewa da yaƙi, aka naɗa shi Sarkin Sarakuna, ya ɗauki sunan Tewodoros na Biyu. Bai daɗe ba ya nufo Shawa da runduna. Sa'an nan Haile Malakot, uban Menelik, shi ke sarauta, ga shi kuwa ba shi da lafiya. Kafin a gwabza sai ya rasu. Manyan Shawa suka gudu da yaron, amma da suka ga ba mafita, suka miƙa shi. Yana da shekara 11 aka tafi da shi Makdala, wata kagara bisa kan dutse mai wuyar hawa.

Tewodoros bai wulakanta shi ba. Ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa aka koya masa karatu da hawan doki, daga baya har ya ba shi 'yarsa aure. Duk da haka ɗaurarre ne, ba shi da ikon sauka daga dutsen nan sai da izini. Ya yi kusan shekara goma a can, yana kallon yadda a ke mulki. Ya ga ƙwazon Tewodoros na son haɗa ƙasa, ya kuma ga yadda zafin zuciya da yawan kisa suka sa mutane suka juya masa baya ɗaya bayan ɗaya. Wannan darasi ya zauna masa a rai.

Sarkin Shawa

Cikin shekara ta 1865, wata rana da dare, Menelik da waɗansu mutanen Shawa suka sulale daga Makdala, suka bi ta ƙasar Wallo, suka nufi gida. Wani mutum mai suna Bazabe ya riga ya ɗare gadon Shawa, ya fito da mayaƙa zai tare shi. Amma da mayaƙan suka ga jikan Sahle Salasi ne ya komo, da yawansu suka bar Bazabe suka bi shi. Ta haka ya zama Sarkin Shawa yana da shekara 21.

Bayan shekara uku, watau 1868, Turawan Ingilishi suka kawo wa Tewodoros yaƙi, domin ya tsare waɗansu mutanensu. Da ya ga sun ci Makdala, ya kashe kansa don kada su kama shi. Menelik ya so ya gaje shi, amma akwai wanda ya fi shi ƙarfi, shi ne Kasa, Sarkin Tigirai. Wannan ya taimaki Ingilishi a kan hanyarsu, da za su koma suka bar masa bindigogi da igwa. Da su ya rinjayi abokan takararsa, aka naɗa shi Sarkin Sarakuna a 1872, ya ɗauki sunan Yohanis na Huɗu. Ya kuma ci rundunar Masar sau biyu, a 1875 da 1876, ya ƙara samun makamai.

Cikin 1878 Yohanis ya shigo Shawa da babbar runduna. Menelik ya auna ƙarfinsa, ya ga in ya yi yaƙi ƙasarsa za ta halaka. Sai ya zo wurin Yohanis da ƙafa, ɗauke da dutse a wuya, kansa a sunkuye, gama haka mai neman gafara ya kan yi bisa al'adarsu. Yohanis ya karɓi caffarsa, ya tabbatar masa da sarautar Shawa, a kan zai riƙa kai gandu. Abin da ciwo ga ɗan sarki, amma Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. Menelik ya koma gida ya fahimci abu guda: a zamanin nan wanda ya fi bindiga shi ke da sarauta, bindiga kuwa sai da dukiya.

Yadda Ya Faɗaɗa Ƙasa

To, ina zai sami dukiya? Arewa tana hannun Yohanis, ba hanya. Amma kudu da yamma da gabashin Shawa akwai ƙasashe masu albarka, inda a ke samun zinariya da hauren giwa da gahawa da jibda. Ƙasashen nan suna da mutanensu da harsunansu da sarakunansu. Akwai Oromo, waɗanda su ke da yawa ƙwarai, akwai Gurage da Sidama da Walaita da Kafa da Somali da waɗansu. Waɗansunsu Musulmi ne, waɗansu suna bin addinin kakanninsu. Menelik ya ce kakanninsa sun taɓa mulkin wuraren nan a zamanin da, saboda haka komo da su zai yi. Mutanen wuraren kuwa ba su yarda da wannan magana ba.

Akwai kuma wani dalili. A shekarun nan ne Turawa suka tasam ma raba Afirka a tsakaninsu, har suka yi taro a birnin Barlin a 1884 da 1885 suka shirya yadda za su yi rabon. Italiya ta kama tashar Masawa a bakin Bahar Maliya a 1885, Faransa ta zauna wajen da Jibuti ta ke yanzu, Ingila kuma ta kama gaɓar ƙasar Somali. Menelik ya lura duk ƙasar da bai riga su kai wa ba, su za su kai.

Da farko sai da ya kawar da abokin takara, watau Takle Haimanot, Sarkin Gojjam, wanda shi ma ya ke kwaɗayin ƙasashen yamma. Suka haɗu a Embabo ran 6 ga Yuni, 1882. Menelik ya ci nasara, ya kama shi da rai, amma bai ci mutuncinsa ba. Daga nan hanya ta buɗe. Babban sarkin yaƙinsa a wannan lokaci shi ne Ras Gobana, wanda shi kansa mutumin Oromo ne. Kalmar Ras sarauta ce babba a Habasha, mai ita ya kan riƙe lardi da runduna.

Dabarar Menelik iri biyu ce. Kafin yaƙi ya kan aika wa sarkin ƙasa ya zaɓa. In ya nemi amana, a bar masa sarautarsa da addininsa, ya riƙa kawo gandu kowace shekara. In ya ƙi, sai yaƙi. Abba Jifar na Biyu, Sarkin Jimma, wanda ya ke Musulmi, ya zaɓi amana, ya zauna bisa gadonsa har ya tsufa. Haka kuma sarkin Nakamte ya yi.

Mutanen Arsi kuwa suka ƙi. Da māsu da dawaki suka tsaya wa masu bindiga wajen shekara huɗu, sai a 1886 aka karya su a wani wuri mai suna Azule, aka kashe dubbai. Har yau jikokinsu suna tunawa da wani wuri da a ke kira Anole, inda suka ce an yanke wa kamammu hannuwa, an ma gina abin tunawa a wurin a 2014. Ran 6 ga Janairu, 1887, Menelik ya ci Sarki Abdullahi na Harar a Calanko. Harar tsohon birnin Musulmi ne mai ganuwa da masallatai da yawa, kuma ta nan ayarin raƙuma su ke bi zuwa bakin teku. Ya ba ɗan'uwansa Makonnen riƙon birnin. A 1894 ya tafi da kansa ya ci Walaita, bayan yaƙi mai tsanani. Aka kama sarkinsu Tona da rauni a jikinsa, aka kwashi mutane masu yawa aka mai da su bayi. A 1897 aka ci Kafa, ƙasar da a ke cewa ita ce asalin gahawa. Sarkinta Gaki Sharoco ya yi watanni yana ɓuya cikin kurmi kafin a kama shi, ya mutu a tsare bayan shekaru masu yawa. Zuwa 1898 mayaƙan Menelik sun kai Tafkin Turkana a kudu, sun kai ƙasar Bani Shangul mai zinariya a yamma, sun kuma shiga ƙasar Ogaden a gabas. Cikin shekara 20 ƙasar ta ninka girmanta.

A wuraren da aka ci da yaƙi, an kafa garuruwan soja bisa tuddai. Ba a biyan mayaƙan albashi, sai a raba musu manoma. Manomi ya noma wa soja gona, ya kawo masa hatsi da zuma da itace, matarsa ta yi masa niƙa. Mutane da yawa suka zama 'yan haya a gonakin iyayensu. Menelik ya yi shelar hana cinikin bayi, amma abin bai tsaya ba a zamaninsa, shi kansa fadarsa cike ta ke da bayi. Sai a 1942 aka soke bauta da doka, maganar gonaki kuwa ba a warware ta ba sai a 1975.

Sabon Birni da Babbar Yunwa

A 1883 Menelik ya auri Taitu Betul, 'yar wani babban gida na arewa, mace mai ilimi da kaifin hankali, wadda ba ta jin tsoron faɗin ra'ayinta a gaban manya. Fadarsu tana bisa dutsen Entoto, wuri mai sanyi da iska. A gindin dutsen akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi. Cikin 1886 Taitu ta gina gida kusa da ruwan, fadawa suka bi ta suka yi nasu, har wurin ya zama gari. Ita ce ta sa masa suna Adis Ababa, watau Sabon Fure. Da mutane suka yi yawa itacen wuta ya ƙare, har aka yi tunanin tashi. Sai aka kawo irin itacen turare daga Ostareliya, mai saurin girma, aka dasa ko ina, garin ya zauna.

Ran nan sai masifa ta auko. Shanun da aka shigo da su ta Masawa suka kawo ciwon bushiya, ya kashe kusan dukan shanun ƙasar. Mutanen Habasha da shanu su ke huɗa, saboda haka gonaki suka kwanta. Ga fari, ga fara. Yunwa ta kama tun daga 1888 har 1892, masana tarihi suna ƙiyasta cewa wajen sulusin mutanen ƙasar sun mutu. Wannan ciwo ne ya ratso har ƙasar Hausa wajen 1891, ya ƙarar da garkunan Fulani. Menelik ya buɗe rumbunansa ya ciyar da mayunwata, ya kuma ɗauki fartanya da hannunsa ya shiga gona, don ya nuna wa jama'a ba abin kunya ba ne a yi noma ba shanu.

Ana cikin wannan hali, a watan Maris na 1889, aka kashe Sarki Yohanis a Matamma, wajen yaƙi da mutanen Mahadi na Sudan. Yanzu ba wanda ya kai Menelik ƙarfi. Aka naɗa shi Sarkin Sarakuna a Entoto ran 3 ga Nuwamba, 1889, shekara 11 bayan ranar da ya ɗauki dutse a wuya.

Alkawarin Wucale

Tun yana Sarkin Shawa, Menelik yana abota da Italiya, suna sayar masa da bindigogi. Ran 2 ga Mayu, 1889, ya sa hannu a wata takardar alkawari da jakadansu a garin Wucale. Ya bar musu wani yanki na arewa, wanda suka haɗa da gaɓar teku suka sa wa suna Eritiriya. An rubuta takardar da harshe biyu, Amhara da Italiyanci, an ce kuma maganarsu ɗaya. Ashe sharaɗi na 17 ya bambanta. Na Amhara ya nuna Sarkin Habasha yana iya neman taimakon Italiya wajen magana da sauran ƙasashen Turai, in ya ga dama. Na Italiyanci kuwa ya nuna ya yarda kome zai yi da wata ƙasa sai ta hannun Italiya. Da wannan Italiya ta sanar wa Turai cewa Habasha ta shiga ƙarƙashinta.

Menelik bai sani ba sai da ya rubuta wa sarakunan Turai, amsa ta zo daga Ingila da Jamus cewa ya kamata ya bi ta hannun Italiya. Ya nemi a gyara takardar, Italiya ta ƙi. Taitu ta tsaya kai da fata kada a yarda. Menelik bai yi gaggawa ba. Ya fara biyan rancen da ya karɓa daga Italiya, don kada a riƙe shi da bashi. A 1891 ya rubuta wa ƙasashen Turai ya bayyana musu iyakokin da ya ke ɗauka nasa ne. Ya yi ta sayen bindigogi da harsashi daga Faransa da Rasha, da dukiyar da ke zuwa daga kudu. Sa'an nan a watan Fabrairu na 1893 ya sanar ya warware alkawarin Wucale baki ɗaya.

Yaƙin Adwa

Italiyawa suka ƙetare iyaka suka shiga Tigirai. Sun ɗauka sarakunan Habasha ba za su taɓa haɗa kai ba, domin sun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Satumba na 1895 Menelik ya sa aka buga tambura, aka yi yekuwa kowane mai lafiya ya fito. Mutane suka amsa daga kowace kusurwa. Ras Makonnen ya zo daga Harar. Takle Haimanot, wanda aka kama a Embabo, ya zo da mutanen Gojjam. Ras Mikayel ya zo da barade na Wallo. Ras Mangasha, ɗan Yohanis, wanda dā ya ke jayayya da Menelik a kan sarauta, shi ma ya zo, tare da tsohon jarumi Ras Alula. Taitu ta zo da tata rundunar. Duka sun kai wajen mutum 100,000, suka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin duwatsu zuwa arewa.

A watan Disamba suka ci wata ƙungiyar Italiyawa a Amba Alagi. A Janairu na 1896 suka kewaye kagarar Makale. Taitu ta ba da shawara a tsare wurin da mutanen kagarar ke ɗiban ruwa. Ƙishirwa ta sa suka sallama, Menelik kuwa ya bar su suka fita lafiya.

Babban kwamandan Italiya, Janar Baratiyeri, yana da soja wajen 17,000, cikinsu har da 'yan Eritiriya. Ya kafa sansani mai ƙarfi a kan tudu, Menelik kuwa ya ƙi kai masa hari a can. Aka zauna ana kallon juna, abinci yana ƙarewa ko wane gefe. Da Baratiyeri ya ƙara 'yan kwanaki, da yunwa ta tilasta wa Menelik komawa. Amma Firayim Ministan Italiya, Kirispi, ya matsa masa da waya, yana zarginsa da nawa. Saboda haka daren 29 ga Fabrairu ya tashi sojansa, ƙungiya huɗu, suka nufi duwatsun da ke kusa da garin Adwa. Taswirarsu ba daidai ta ke ba, ga duhu, sai ƙungiyoyin suka rabu, wata ta yi nisa da 'yan'uwanta.

Da asuba ran Lahadi, 1 ga Maris, 1896, mutanen Habasha suka auka musu, suka ci su ƙungiya bayan ƙungiya. Mata suna bin mayaƙa da ruwa, suna jinyar masu rauni. Kafin rana ta faɗi rundunar Italiya ta watse. An kashe musu wajen mutum 6,000, an kama wajen 3,000, an ƙwace igwa 56. Habasha ma ta yi hasarar dubban mutane. Italiyawan da aka kama an kai su Adis Ababa, daga baya aka sake su. 'Yan Eritiriya da ke cikinsu kuwa an ɗauke su maciya amana, aka yi musu hukunci mai tsanani, aka yanke wa ɗaruruwansu hannu da ƙafa.

Menelik bai bi su cikin Eritiriya ba, gama mayaƙansa sun gaji, ba abinci, kuma ba ya so ya jawo wata runduna mafi girma daga Turai. Ran 26 ga Oktoba, 1896, aka yi sulhu a Adis Ababa. Italiya ta yarda Habasha ƙasa ce mai mulkin kanta, ita kuma ta riƙe Eritiriya. Ku tuna a shekarun nan ne dauloli suka yi ta faɗuwa a Afirka, Kano da Sakkwato ma Turawa sun ci su a 1903. Habasha da Laberiya kaɗai suka tsira daga rabon nan.

Ayyukan Zaman Lafiya

Bayan Adwa jakadun Turai suka riƙa zuwa Adis Ababa. Daga 1897 zuwa 1908 Menelik ya yi alkawura da Faransa da Ingila da Italiya, aka shata iyakokin Habasha da ƙasashen da su ke riƙe da su. Yawancin iyakokin nan su ne a taswira har yau.

Menelik mutum ne mai son sanin yadda abubuwa ke aiki. An ce in aka kawo masa agogo ko bindiga sai ya sa an kwance ya ga cikinta. Yana da wani mashawarci, injiniya daga Suwizalan, mai suna Alfred Ilg, wanda ya yi masa aiki fiye da shekara 25. A 1894 aka buga kuɗi masu hoton sarki, da kan sarki na wasiƙa. Kafin wannan, da azurfar Ostiriya da sandunan gishiri a ke ciniki. Aka ja waya daga Harar zuwa Adis Ababa. A 1897 aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Jibuti, ta kai Dire Dawa a 1902, amma ba ta iso Adis Ababa ba sai 1917, tsawonta wajen kilomita 780. Aka kafa banki a 1905, aka naɗa ministoci a 1907, aka buɗe makarantar zamani mai sunansa a 1908, sa'an nan aka gina asibiti.

Ƙarshensa da Abin da Ya Bari

Tun daga 1906 ciwo ya fara kama shi, a 1909 jikinsa ya shanye, har magana ta gagara. Ya riga ya zaɓi jikansa Lij Iyasu ya gaje shi. Ya rasu ran 12 ga Disamba, 1913, yana da shekara 69. An tuɓe Iyasu a 1916, aka naɗa Zauditu 'yar Menelik. Bayanta, a 1930, ɗan Ras Makonnen ya hau, shi ne Haile Salasi. Italiya ta komo a 1935 da jiragen sama da iskar guba, ta mamaye ƙasar shekara biyar, aka kore ta a 1941.

Labarin Adwa ya ƙarfafa zukatan baƙaƙen mutane ko ina a duniya. Da Gana ta sami mulkin kai a 1957, ta ɗauki launin tutar Habasha, kore da rawaya da ja, waɗansu ƙasashe suka bi ta. A 1963 shugabannin Afirka suka taru a Adis Ababa suka kafa ƙungiyar haɗin kansu, cikinsu har da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa na Nijeriya da Diori Hamani na Nijar. Har yanzu hedkwatar Tarayyar Afirka tana birnin nan da Taitu ta sa wa suna.

A Habasha kuwa, mutanen da Menelik ya tara cikin ƙasa guda sun haura miliyan 120 yanzu, suna magana da harsuna fiye da 80. In aka ambaci sunansa ba bakinsu ɗaya ba. Waɗansu suna tuna sarkin da ya hana baƙi cin ƙasarsu. Waɗansu suna tuna sarkin da ya ci ƙasar kakanninsu ya raba wa soja gonakinsu. Duka biyu sun faru, kuma ɗaya yana ɗaure da ɗaya, domin zinariya da hauren giwa da hatsin ƙasashen kudu su ne suka sayi bindigogin Adwa, suka ciyar da masu riƙe da su. Wanda zai ba da labarin Menelik da gaskiya, wajibi ne ya ambaci Adwa, ya kuma ambaci Arsi da Walaita da Kafa.

Tambayoyi

1. Me Menelik ya koya a zamansa na Makdala?
2. Don me ya yi wa Yohanis caffa a 1878?
3. Wane zaɓi ya kan ba sarakunan kudu kafin yaƙi? Wa ya nemi amana, su wa suka ƙi?
4. Mene ne bambancin da ke cikin sharaɗi na 17 na alkawarin Wucale?
5. Ku zana taswirar Habasha, ku nuna Adis Ababa da Harar da Adwa.